Ƙibar Ragon Iri

Ɗan ragon da aka haifa da asuba bai kai hantsi ba. Magini ya same shi kwance a gindin turke, ƙafafunsa na gaba a lanƙwashe kamar ƙusar da guduma ta kuskure, uwar tana lasarsa tana kuka. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Bai fi cokalin gini nauyi ba. Amma jikin fari fat, wuyan baƙi wuluk, yadda ya kamata. Wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Ya ɗauki shebur ya nufi bayan rumfa. Ƙasar wurin ta yi laushi, don ba yau ya fara haƙa ta ba.

Tumakin nan gadon ubansa ne. Farare masu baƙin wuya, dogayen ƙafa, ba su da laulayi. Kafin tsohon ya rasu ya raba garken biyu tsakanin 'ya'yansa, Magini da ƙanensa Tela, ya kuma bar musu doka ɗaya tak: rago ba ya hawan 'yarsa. In 'ya'yan rago mata suka tasa, sai a yi musanya. Na gidan wa ya koma gidan ƙane, na gidan ƙane ya dawo gidan wa. Haka jinin zai riƙa zagayawa, ba zai kwanta wuri ɗaya ya ruɓe ba.

Sun yi shekaru a kan haka. Sai Magini ya kai wa Tela ragon da bai taɓa kiwon kamarsa ba. Shi kuwa Tela mutum ne da ba ya iya ganin baki yana motsi bai cusa masa wani abu ba. Dusa da safe, dusa da yamma, ragowar abincin gida, har abin da abokan hira suka rage a shagonsa na ɗinki. Da lokacin mayarwa ya yi, abin da ya shigo gidan Magini ba rago ba ne, buhun siminti ne mai ƙafa huɗu. Tumaki suka yi ta nema, shi yana kwance a inuwa yana haki. A waccan shekarar ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Daga baya kitse ya shaƙe shi, aka sa masa wuƙa kafin ya mutu banza.

Magini ya je har ƙofar shagon, gaban mutane, ya ce wanda bai san bambancin ragon iri da ragon yanka ba, bai gaji ubansa ba. Tela ya ce wanda ke horar da dabba da yunwa yana kiran abin sani, Allah zai tambaye shi. Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba sai wurin jana'iza, nan ma kowa da gefensa. Magini ya ɗaga ɗan rago daga cikin garkensa ya mai da shi uban garke. Ragon ya hau 'yan'uwansa. Yanzu yana hawan 'ya'yansa.

Yana cikin mayar da ƙasa matarsa ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfar sabulu.

“An sake?”

“Sanyi ne ya kama shi.”

“Sanyi. Na bara zafi ne. Na wancan karon ciyawa ce ba ta da kyau. Maigida, ko ni da ban san komai ba sai tukunya, na san abin da ke kashe su.”

“To koma wa tukunyar.”

“Zan koma. Amma ka duba Gimbiyar taka. Tun safe take kaɗa jela tana goga jiki da katanga.”

Ya ajiye shebur. Gimbiya ita ce tunkiya ɗaya da ta rage daga zamanin musanya, wadda jininta bai ninku ba. Ta fara tsufa. Ya je ya duba ta, ya ga matar ta yi gaskiya: tana neman rago. Irin wannan nema ba ya daɗewa. In yau ta wuce, gobe sai dai a yi addu'a. A ɗaya ɓangaren na rumfar, ragonsa, ɗan da ita Gimbiyar ta haifa, yana ja da igiya yana ɗaga leɓe sama.

Magini ya tsaya tsakaninsu, hannu a ƙugu. Yana nan tsaye ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida, an buɗe ƙyaure gaba ɗaya, abin da ba a yi sai za a shigo da kaya.

Ɗansa ne, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikin ofis. Rigarsa a goge, takalminsa yana ƙyalli, hannunsa riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar kuwa wani ƙaton rago ne, fari tun daga hanci har jela, ba ɗigon baƙi ko na tawada. Kunnuwa kamar silifa. An maƙala masa wata 'yar roba mai ruwan ɗorawa a kunne ɗaya.

“Ina kwana, Baba.”

“Wane ne wannan baƙon?”

“Daga gonar wani abokin aikina na aro shi. Na wuni ɗaya ne. Mai mota zai dawo da yamma ya ɗauke shi.”

“Na tambaye ka daga ina yake? Me ya zo yi gidana?”

Akawu ya dubi ƙasa, ya dubi uwarsa da ta sake leƙowa, ya sosa ƙeya.

“Don… biridin ne, Baba.”

“Don me?”

“Biridin. Haka ake ce masa da Turanci. Wato a zaɓi namiji mai kyau, a haɗa shi da mace mai kyau, don a samu… don iri ya gyaru.”

“Barbara.”

“E, to. Kusan haka.”

“To ka ce barbara mana! Bakinka zai tsage? Ka iya shigo min da ƙaton banza gida ba sallama, wannan bai ba ka kunya ba, sai kalmar ce za ka ɓoye a bayan Turanci?”

“Ba daidai suke ba, Baba. Barbara ko karnukan bola suna yi. Wannan da lissafi ake yinsa, ana duba uwa da uba da kakanni. Har mutum ma, in ya tashi da tarbiyya, da kalmar suke yabonsa.”

“Madalla. Mutanen da suka rasa abin da za su yabi ɗan mutunci da shi sai kalmar turke, su ne za su koya min kiwo. Kakanka da bai san harafi ko ɗaya ba, yana duba uwa da uba tun kafin a haifi mai gonar taku.”

“Na sani. Shi ya sa ya ce rago ba ya hawan 'yarsa.”

Matar ta janye kanta cikin kicin. Akawu bai ɗaga ido ba, amma bai janye maganar ba.

“Na ga shebur, Baba. Na ga ƙasar. Jininsu ya haɗe. In ba a shigo da na waje ba, nan gaba kaɗan ba za ka samu ko na binnewa ba.”

Magini ya zagaya baƙon ragon. Ya taɓa ƙirjinsa, ya matsa cinyarsa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Lafiyayye ne, ba ƙarya. Wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya hango garkensa nan gaba: manya, farare sol, masu kunnen silifa, irin waɗanda ake gani a kowace kasuwa. Wanda ya shigo gidan ba zai ce ga tumakin wane ba. Za su rayu, amma ba na ubansa ba ne.

“Ina baƙin wuyan?”

“Baba, launi ne kawai.”

“Kai ma sunan ubanka sauti ne kawai. Canza shi mana.”

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya yi shekaru yana gaya wa masu gida haka in sun ƙi gyaran katanga. Yau ga ƙadangare a tsakar gidansa, da roba a kunne.

Ya shiga rumfa ya kwance Gimbiya. Ya kora sauran tumakin ciki ya ja ƙofar ya sa sakata.

“Ɗaure wannan abin a turken can na nesa. In na dawo na tarar ka kwance shi, kai da shi za ku kwana a titi.”

“Ina za ka, Baba?”

Magini ya sa hularsa, ya naɗe igiya a hannu, ya ja tunkiyarsa suka fita.

Shagon Tela yana can ɗaya gefen gari. Magini bai hau mota ba, don ba zai tsaya yana yi wa direba bayani ba. Suka bi gefen titi, shi a gaba, ita a baya tana tirjewa. Babura suna yi musu ham. Da suka zo wajen masu gyaran mota, wani bakanike ya ɗago kai daga ƙarƙashin bonet.

“Baba, ina za a kai amarya da rana tsaka haka?”

“Gidan ubanka. An ce ya rasa mata.”

Garejin ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Kowane taku yana shirya abin da zai faɗa, kuma duk abin da ya shirya sai ya ji ya yi kama da roƙo, ya watsar.

Shagon bai canza ba. Kekunan ɗinki biyu, tebur mai tsawo da almakashi a kai, ƙyallaye a ƙasa kamar ganyen da iska ta kaɗo, dutsen guga a kan bulo. Tela ne ya canza. Ya yi furfura, ya yi tumbi, tabarau ya sauko masa kan hanci. Yana taka keke, da ya ga inuwa ta rufe ƙofa ya ɗago. Ƙafarsa ta tsaya.

Ya dubi wansa. Ya dubi tunkiyar. Ya cire allurar da ke bakinsa ya soke ta a hannun riga.

“Yaya. Wa ya rasu?”

“Ba kowa.”

“To wando za a ɗinka mata ko riga?”

“Ina ragonka?”

“Ko gaisuwa babu?”

“Ina wuni. Ina ragonka?”

Tela ya miƙe a hankali, yana dafa tebur. Ya zo ya tsuguna gaban Gimbiya ya shafa baƙin wuyanta, ya daɗe yana shafawa.

“'Yar wancan ce, mai karyayyen ƙaho. Na gane goshin.” Ya miƙe. “Nawa matan sun ƙare, Yaya. Da na ga 'ya'yan sun fara zuwa a karkace na rabu da su. Ni ba na iya binne jarirai kowace shekara in ce sanyi ne, kamar wasu.”

“Wa ya gaya maka?”

“Kana da mata, ina da mata. Ka ɗauka su ma gaba suke yi?”

Magini ya haɗiye wannan.

“Ragon fa?”

“Shi kaɗai na bari. Yana baya. Ban san me ya sa na bar shi ba.”

Suka bi ta ƙofar baya zuwa wani ɗan fili mai katanga. Nan, ƙarƙashin kwanon rufi, a kan buhunan da aka shimfiɗa masa kamar mai jego, ragon yake kwance. Fari, baƙin wuya, geza har ƙirji, ƙaho ya murɗe sau biyu. Kamar ubansu ne ya zana shi da hannunsa. Gabansa kuwa ga kwano cike da jiƙaƙƙiyar dusa, ga wani da ɓawon kankana, ga wani da shinkafar jiya. Cikinsa ya bazu a ƙasa hagu da dama.

Magini ya cire hularsa ya sake sawa.

“Auta. Ka sake.”

“Na sake me? Lafiyarsa ƙalau.”

“Wannan rago ne ko katifa? Shekara da shekaru, ka yi furfura, ka yi jikoki, har yau ba ka koyi cewa ragon iri da ƙashi yake aiki ba, ba da kitse ba!”

“Da wa zai yi aikin? Da keken ɗinki? Shi kaɗai ne a nan, ba mace, ba aboki. In bai ci ba me zai yi, ya karanta jarida?”

“Tashe shi.”

Tela ya ja igiya. Ragon ya yi nishi, ya ɗaga gaba, ya huta, ya ɗaga baya. Magini ya matso da Gimbiya. Ita ta tsaya cak, ta kaɗa jela, ta waiwayo. Ragon ya miƙa wuya ya shinshine ta. Ya ɗaga leɓe kaɗan, kamar mai tuna wata tsohuwar waƙa. Sai ya juya, ya sa baki cikin kwanon dusa, ya koma ya kwanta.

Magini ya sa ƙafa ya shure kwanon. Dusa ta fantsama a katanga.

“Kai, Yaya! A gidana?”

“Gadon ubanmu ke nan! Ga mace ɗaya da ta rage, ga namiji ɗaya da ya rage, kuma ka mai da shi tulu!”

“Da ka aiko min tun wata biyu da suka wuce, da na rage masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ina, kai ba ka aike, ba ka roƙo, sai dai ka faɗo wa mutum kamar katangar da ka gina.”

“Katangata ba ta taɓa faɗuwa ba.”

“Ta gidan mai kemis fa?”

“Mota ce ta buge ta!”

Magini ya sunkuya ya kwance igiyar ragon daga turke.

“Me kake yi?”

“Tafiya zan yi da shi. Ciyawa busasshiya da ruwa, da zagayen unguwa safe da yamma. In ta sake nema, in Allah ya sa ta sake, ya zama rago.”

“Za ka kashe min shi da yunwa.”

“Kai ka kashe min nawa da ƙoshi.”

Ya fita da igiya biyu, ɗaya a kowane hannu. Tela ya tsaya yana kallo, sai ya yi tsaki, ya rufe shago ko ɗinkin da ya fara bai ƙarasa ba, ya cika leda da dusa ya biyo su.

Dawowar ta fi zuwan wahala. Ragon ya yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. Magini yana ja, Tela yana turawa ta baya yana cewa a bi shi a hankali, ba jaki ba ne. A garejin nan bakanike ya sake ɗagowa.

“A'a, Baba, har an samo angon? Ai wannan sai dai a kai shi a baro.”

Wannan karon Tela ne ya amsa, ya ce masa ya ji da motar mutane da ya kwance ya kasa mayarwa.

Rana ta karkata lokacin da suka shiga gida. Akawu yana zaune kan benci, ya cire takalmi. Da ya ga wanda ke bayan ubansa ya miƙe da sauri ya rusuna.

“Baffa! Sannu da zuwa.”

“Yawwa, ɗana. Kawo min ruwa kafin ubanka ya ce ni ma na yi ƙiba.”

Baƙon ragon yana nan a turken nesa inda aka ce a ɗaure shi. Da iska ta kai masa warin Gimbiya sai ya zabura. Ya ja igiya har turken ya motsa, ya daki ƙasa da ƙafa, ya saki wani irin gurnani daga ƙirji.

Ragon Tela, wanda ya shigo yana jan ƙafa, harshe a waje, ya tsaya. Ya ɗaga kai. Rabonsa da ganin wani rago tun yana ƙarami. Gezarsa ta tashi. Ya ja da baya taku biyu, ya sunkuyar da ƙaho, ya fizge igiya daga hannun Magini, ya tafi da dukan nauyin dusar da ya ci a duniya. Ƙarar karon ta sa matar gidan ta fito da ludayi a hannu. Baƙon ya zauna a kan gindinsa, yana girgiza kunnuwa.

“Wayyo, ragon mutane!” in ji Akawu, ya ruga ya shiga tsakani.

Ragon Tela bai sake bi ta kansa ba. Ya juyo yana huci, ya zo ya tsaya tsakanin baƙon da Gimbiya. Ya shinshine ta. Ya daki gefenta da ƙafar gaba. Ya yunƙura ya zame. Ya sake yunƙurawa.

Akawu ya juya baya yana duba kunnen baƙon rago da ba abin da ya same shi. Matar ta koma kicin tana dariya ƙasa-ƙasa. Tsofaffin biyu kuwa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ba mai ƙifta ido, har aka gama.

Tela ya sauke numfashi.

“To. Tulu ya yi aiki.”

“Tafiyar da na sa shi ce ta warware shi.”

“Ƙarfin dusa ne. Mai yunwa ba ya wannan karon.”

“Kishi ne,” in ji matar daga kicin. “Ku maza duk haka kuke.”

Magini ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi ɗansa.

“Kai. Ka gaya wa mai gonar mun gode. Biridin ɗin nasa ya yi amfani.”

“Baba, ai bai yi komai ba.”

“Ya tsaya a turke. Iyakar abin da ake nema gare shi ke nan.”

Ya shiga rumfa ya kwanto nasa ragon, ɗan Gimbiya, siriri mai ƙashi, ya miƙa wa Tela igiyar ba tare da ya dube shi ba. Ya zaɓi tumaki mata biyu daga cikin masu ƙwari, waɗanda ba ragon ne ya haife su ba, ya ce Akawu ya kai wa Tela su gobe. Tela ya karɓi igiyar, ya shafa haƙarƙarin ragon, ya girgiza kai.

“Dubi bawan Allah. Ana iya ƙirga ƙasusuwansa daga titi.”

“In ya dawo min da tumbi, Auta, wallahi kai zan ɗaure a turken.”

Tela ya ajiye ledar dusa a gindin katanga, wai ko ragonsa da zai bari a nan zai nema da dare. Magini ya ɗauke ta ya rataya masa a wuyan hannu, ya raka shi har ƙofa, ya tsaya yana kallo don ya tabbata bai jefo ta ta kan katanga ba.

Da cikin Gimbiya ya isa, ta haihu da hantsi, namiji. Magini ya tsuguna nesa kaɗan, bai taɓa shi ba. Ɗan ragon ya dafa gaba, ya faɗi. Ya sake dafawa, ya miƙe a kan ƙafafu huɗu miƙaƙƙu, yana rawa, ya laluba ya kama nono. Wuyansa baƙi wuluk.

Matar ta ce a aika wa Tela.

“A aika,” in ji Magini. “A ce ya zo ya gani. A ce kuma za a laluba aljihunsa a ƙofa.”